Yadda Muka Shigar da Budar Jega Cikin Gem

 Makon nan layi ya zo kanmu, kuma mun zo da batun da wasu za su ce ba na marubuta ba ne, wato gyaran yanayi da haske a cikin wasan kwamfuta, wanda yara da manya ke kira gem. Ku ɗan yi haƙuri da mu. Aikin ya ci mana shekara guda cur, daga hunturu zuwa hunturu, kuma amfanin da muka samu ya fi bayyana a rubutunmu fiye da a kwamfutar.

Mu uku ne, duk 'yan ƙungiyar marubuta ɗaya: ɗaya a Jega, ɗaya a Aliero, ɗaya a Maiyama. Iyakar karatunmu difloma, babu wanda ya koyi ƙera gem a cikinmu. Abin da ya ja mu cikin aikin shi ne wata damuwa da ke taso mana duk zaman da ake karanta sabbin labarai a ƙungiya. Sai ka ji labari an ce a Jega ya faru, cikin watan Janairu, amma iska mai ni'ima tana kaɗawa, gajimare ya yi luf, furanni suna rausaya. Wanda ya taɓa kwana a Jega a Janairu ya san leɓensa ne ke tsagewa, ya san sama ba ta da gajimare ko ƙanƙani. Yanayin nan aro ne, daga fim ɗin Indiya ko daga wani littafi da shi ma aro ya yi. Da muka duba sai muka ga haka muka taso a gidajen gem: muna zaune a kan benci cikin zafin bazara, muna tuƙa mota a ƙarƙashin samaniyar Kalifoniya. Sai muka ce bari mu gwada ko za mu iya sa tamu samaniyar a ciki.

Gem ɗin da muka zaɓa shi ne GTA San Andreas, wanda kamfanin Rockstar ya fitar a 2004, ya kuma zo wayoyin hannu a 2013. Mun san abin da wasan ya ƙunsa na faɗa da ɓarna, ba kuma tallarsa muke yi ba. Mun ɗauke shi ne saboda yana tafiya a tsohuwar kwamfutar da muke da ita, kuma a buɗe yake ga mai son yi masa kwaskwarima, abin da masu wasa ke kira mod. Mod gyara ne da ɗan wasa ke yi da hannunsa bayan kamfani ya gama nasa. Wani mota yake canzawa, wani tufafi, wasu kuma sun ƙware a kan haske da yanayi kawai, kamar masu NaturalVision na GTA V, waɗanda suka shafe shekaru suna gyara hasken gari ɗaya.

A cikin San Andreas akwai wani ƙaramin fayil mai suna timecyc.dat. Da Notepad ake buɗe shi, babu komai a ciki sai layukan lambobi. Nan ne dukkan samaniyar wasan take. An jera yanayi iri 20 na sararin waje, an raba su ga garuruwa uku da aka kwaikwayo daga Los Angeles da San Francisco da Las Vegas, da karkara, da hamada. Kowane yanayi yana da layi takwas, domin lokuta takwas na yini: tsakar dare, ƙarfe 5 da 6 da 7 na safe, tsakar rana, sai ƙarfe 7 da 8 da 10 na dare. A kowane layi an rubuta launin ƙololuwar sama, launin gindin sama, launin rana da girmanta, hasken da ke sauka a kan gine-gine da mutane, duhun inuwa, inda hazo ke farawa, da iyakar nisan da ido ke kaiwa. Kowane launi lambobi uku ne, ja da kore da shuɗi, daga 0 zuwa 255. In duk ukun 0 ne baƙi ke nan, in duk 255 ne fari fat. Abin da ke tsakanin layi da layi, kwamfuta ce ke cakuɗa shi a hankali, kuma yini guda a wasan minti 24 ne.

Ranar da muka fahimci haka, mun daɗe muna kallon layukan. Ashe faɗuwar ranar nan mai ruwan lemo da muka haddace tun muna yara, wani mutum ne ya zauna ya rubuta ta da lambobi, daga abin da idonsa ya saba gani. Tunda rubutawa aka yi, mu ma za mu iya rubuta tamu. Sharaɗin kawai shi ne mu san lambobin, su kuma lambobin ba a samun su a ɗaki.

Muka fara da buda, domin ita ce ta fi nesa da duk abin da ke cikin wasan. Akwai guguwar rairayi a yankin hamadarsa, mai ruri, launin ƙasa-ƙasa, tana dukan fuska. Mai gaggawa zai ɗauke ta ya ce ga hunturu nan. Mu ba mu taɓa ta ba, domin buda wata aba ce daban. Ƙurarta daga nesa take zuwa. Ɗaya daga manyan wuraren da take tasowa shi ne kwarin Bodele a arewacin Chadi, busasshen gindin wani tsohon tafki, kimanin kilomita 1,500 daga Jega. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso ta tsakanin Nuwamba da Maris. Kafin ta iso mana, rairayi mai nauyi ya zube a hanya, sai lallausan gari ya rage, yana rataye a sama ko da iska ta kwanta. Shi ya sa ranar da buda ta yi kauri gari kan yi tsit.

Launinta ma yana da dalili. Iska mai tsabta ta fi warwatsa shuɗin haske a kan ja, shi ya sa sama ke yin shuɗi. Ƙwayoyin ƙura kuwa sun fi na iska girma nesa ba kusa ba, suna warwatsa dukkan launuka kusan daidai, sai sama ta yi fari-fari kamar an dama koko da ruwa ya yi yawa. A fayil ɗin, wannan yana nufin lambobin nan uku su matso kusa da juna, ja ya ɗan ɗara shuɗi. Launin ƙololuwa da na gindi su kusan zama ɗaya. Rana ta rasa ƙahonnin haskenta, ta koma faifai fari da za ka iya kallo da safe ba tare da ido ya yi ruwa ba. Inuwa ta dushe, domin haske yana zuwa ta ko'ina. Da yamma kuma rana ba ta kaiwa ƙasa, tun tana da sauran tafiya take narkewa cikin ƙura.

Sanin dalili daban, samun lamba daban. Kowannenmu ya zaɓi wuri ɗaya da zai riƙa tsayawa. Na Jega ya ɗauki gefen gada, inda ake hangen fadamar gulbin Zamfara. Na Aliero ya ɗauki bakin gonakin albasa. Na Maiyama ya ɗauki gefen babban titin da ya nufi Koko da Yauri. Muna ɗaukar hoton sama da waya a lokutan da muka yi alkawari, mu tura wa juna. Waya tana da wani hali da ya kamata a sani: tana gyara launi da kanta, tana ƙoƙarin mayar da kowace sama irin wadda aka koya mata cewa ita ce kyakkyawa. Don haka mukan kulle saitin haskenta, mu kuma riƙe farar takarda a gefen hoton, ta zama ma'auni. Daga nan a buɗe hoton a Paint, a tsinci launin, a rubuta lambobinsa a littafi tare da kwanan wata da ƙarfe nawa.

Nisan gani kuma da babur muka auna shi. Ka zaɓi dogon ƙarfen sabis na waya, ka yi ta nisa da shi har ya ɓace maka, ka duba mitar babur. Hukumar NiMet mai kula da yanayi tana kiran buda mai kauri idan gani ya gaza mita 1,000, kuma a irin ranakun ne ake jin an jinkirta tashin jirage a Arewa. Mu ma mun samu ranakun da ƙarfen ke ɓacewa tun injin babur bai gama ɗumi ba. Na Jega ya ƙara gano wani abu: da sassafe a lokacin sanyi, wani farin hazo kan kwanta a kan fadama, ƙasa-ƙasa, mai danshi, hantsi na ɗagawa ya watse. Wannan hazon ruwa ne. Buda tana sama da shi, ita kuma wuni take yi. A baki duk hazo muke cewa, amma a fayil sai da muka ba kowanne nasa layin.

Sai batun agogo. Lokutan nan takwas an tsara su ne bisa doguwar ranar bazarar Kalifoniya, inda ƙarfe 6 gari ya waye, ƙarfe 8 na dare kuma da sauran ja a sama. Los Angeles tana kan digiri 34 arewa da tsakiyar duniya, Jega tana kan 12. A wurinmu rana a tsaye take faɗuwa, tsakanin faɗuwarta da duhu bai fi minti ashirin da 'yan kai ba, kowa ya san yadda magariba ke kuɓuce wa mai jinkiri. Tsawon yininmu kuma ba ya sauyawa sosai, daga kamar awa 11 da rabi a Disamba zuwa kusan awa 13 a Yuni. Ga wani abu da da yawa ba su lura da shi ba: agogon Najeriya an ɗora shi ne a kan layin digiri 15 gabas, mu kuwa muna wajen digiri 4, saboda haka ranarmu tana bayan agogo da kusan minti 40. A Janairu sai bayan ƙarfe 7 rana ke fitowa a Jega. Marubucin da ya sa hantsi ya dubi ludayi a Maiyama da ƙarfe 6 da rabi cikin hunturu, jaruminsa a duhu-duhu yake tafiya bai sani ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne giɓin da ke tsakanin tsakar rana da ƙarfe 7 na dare. Awa bakwai babu layi ko ɗaya, kwamfuta ce kawai ke jan launi daga wannan zuwa wancan. Mu kuwa a cikin wannan giɓin muke da azahar, da la'asar, da la'asar sakaliya, da almuru, kowanne da nasa haske. Kafin su ga alfijir, da sassafe, da hantsi, da walaha. Harshenmu ya yanka yini fiye da yadda masu wasan suka yanka shi, domin mutanenmu da inuwa suke gane lokacin salla tun kafin agogo ya zo, suna auna ta da taku. Mun yi sa'a wasu masu kwaskwarima sun riga sun faɗaɗa jadawalin zuwa awa 24, muka ɗauko nasu muka cika shi da namu lambobin. Layin sakaliya shi muka fi daɗewa a kai, lokacin da haske ke kwantawa a kan katangar ƙasa ya mayar da ita kamar an shafa mata man ja.

Wasan ba shi da damina ko rani, don haka muka yi fayil huɗu, na hunturu da bazara da damina da kaka, muna sauya su da hannu. Na bazara haske ne fari mai duka, inuwa gajera baƙa ƙirin a ƙarƙashin ƙafa. Wajen 22 ga Afirilu rana kan tsaya daidai bisa kan mutanen Jega da tsakar rana, ta sake yin haka wajen 21 ga Agusta, kuma tsakanin waɗannan ranaku inuwar tsakar rana kudu take faɗawa. Wannan bai taɓa faruwa a Los Angeles ba. Hanyar da rana ke bi ba ta cikin fayil ɗin da muke gyarawa, sai muka bar ta yadda take, muka yi abin da za mu iya da ƙarfin haske.

Damina ce ta nuna mana iyakar kayan aikinmu sosai. Hadarinmu daga gabas yake tasowa. Gabas ta yi baƙi kamar rinin shuni alhali yamma rana na haskawa, bishiyoyi su yi wani kore mai ƙyalli a gaban baƙin. Sai iska ta riga ruwan isowa, ta kwashi ƙura da leda da kwanon rufin da bai kafu ba, zafi ya faɗi nan take, sannan ruwa ya kece. Samaniyar wasan kuwa launi biyu kawai ta sani, sama da ƙasa, ba ta san gabas da yamma ba. Dabarar da muka yi ita ce mu baƙanta sama gaba ɗaya, mu bar haske mai ruwan ƙwai yana sauka a kan gine-gine. Ya yi kama, amma rabin labarin ne. Marka, ko malka kamar yadda muke cewa a nan, ta fi sauƙi: sama toka-toka, yayyafi ba ƙaƙƙautawa, irin na Agusta. Bayan ruwa kuma muka buɗe nisan gani har ƙarshe, domin babu lokacin da ake hangen nesa a ƙasarmu kamar bayan an ɗauke ruwa.

Dare ya jawo mana gardama. Daren gem shuɗi ne, irin na fim, domin ɗan wasa ya ga hanya. Na Maiyama ya dage cewa daren da babu wata, a bayan gari, ba ka ganin tafin hannunka, kuma haka ya kamata a sa. Gaskiya ya faɗa. Amma duhu irin wannan ba ya wasuwa, minti biyu za ka kashe kwamfutar. Haka ma buda mai kauri: in ka sa ta yadda take, mota ba ta tafiya. Muka yi ta ja-in-ja har muka tsaya a kan cewa za mu rage kaurin, amma ba za mu taɓa launin ba. Darenmu ya zama baƙi mai ɗan ja-ja na ƙura, an ɗaga shi kaɗan yadda za a ga gefen titi. Ragowar hasken muka bar wa fitilu, domin a titin Maiyama da dare fitilar tirela ce sarauniya, tana huda ƙura kamar an miƙa farin ƙyalle a gabanta. Mai karatu ma haka yake, ba ya buƙatar duk ƙurar da ke gari, yana buƙatar wadda ka ba shi ta zama ta gaske.

Da muka gama na hunturu, muka nuna wa wani direba da ke jigila tsakanin Jega da Sakkwato, wanda bai taɓa riƙe abin buga gem ba. Gine-ginen na Amurka ne, motocin ma haka, allunan titi da Turanci. Ya kalli sama kawai, ya ce wannan ai irin safiyar da yake kunna fitila har ya wuce Tambuwal ce. Sannan ya goge hancinsa da bayan hannu. Ba mu gaya masa ko wane lokaci muka kwaikwaya ba.

Wannan goge hancin shi ya dawo da mu kan alƙalami. Duk wahalar da muka sha, ido kawai muka iya yi wa aiki. Kwamfuta ba ta da lambar kaushi a diddige, ba ta da ta man kaɗanya da ya daskare a kwalba, ko ta ruwan randa da ke cizon haƙori da asuba. Ba ta san ƙamshin ƙasa a ruwan farko ba, ba ta san warin albasar da zafi ya fara dafawa a rumbu ba, balle faɗuwar gaban mai ita. Ba ta iya sa hadari ya taso daga gabas. Marubuci yana iya yin duk wannan da jimla biyu, ba ya buƙatar caji. Kuma yanayi a labari ba ado ba ne kawai. Hadarin da ya haɗu a Aliero alhali buhunan albasa suna fili, ga mai gona tashin hankali ne, ga yaron da ke jiran wankan ruwan sama biki ne. Budar da ta rufe hanya tana iya hana ango isa ɗaurin aurensa. In ka ari yanayin wata ƙasa, duk waɗannan labaran sun wuce ka.

Muna kuma ganin akwai abin da ya fi wannan nauyi. Ƙannenmu suna kallon samaniyar wasu a waya awa da awa kowace rana, a gem da fim da bidiyo. In suka buɗe littafin Hausa suka sake tarar da ita a can, a hankali za su ɗauka cewa tasu ba ta cancanci a rubuta ta ba, ƙura ce kawai da zafi. Babu wani kamfani a Amurka ko Turai da zai zo ya tsaya a gadar Jega da asuba ya auna mana ita. In an rubuta ta, mu ne muka rubuta.

Ga abin da muke roƙon duk mai son gwadawa, ba sai yana da kwamfuta ba. Ka zaɓi wuri ɗaya kusa da gida. Ka tsaya a wurin sau uku a yini, hantsi da la'asar da almuru, har kwana bakwai. Kowane tsayi ka rubuta layi uku: launin sama a bisa kai da a gindi, abu mafi nisa da kake iya gani, da inda inuwarka ta faɗi da tsawonta. Ka ƙara abu ɗaya da fata ko hanci ko kunne ya ji. Ka guji kalmomin daɗi da kyau da ni'ima har makon ya ƙare, ka nemi abin da za ka kwatanta launin da shi a cikin gidanku ko kasuwarku. Ka tambayi wani dattijo sunan abin da ka gani, sau da yawa akwai kalmar, mu ne ba mu gaje ta ba. Littafinmu na lambobi yanzu ya zama wurin da muke komawa duk lokacin da za mu buɗe sabon babi, mu duba ko wace irin safiya ce a watan da labarin yake.

Wanda ya yi nasa kwana bakwan, muna son mu ga abin da ya samu, musamman 'yan uwa na Yauri da Zuru da Argungu, domin mun tabbata samaniyarku ba irin tamu ba ce sak. Allah Ya ƙara mana basira, Ya sa alƙalumanmu su amfani al'umma. Mu kwana nan.